A yi wa yaron magani kafin a tambaye shi garinsu

Duk wani asibiti da ke ƙasar Hausa, na gwamnati ko na kuɗi, an tsara aikinsa ne bisa zaton cewa yaro ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai babban da zai yanki kati, ya bi layi, ya faɗi ranar da zazzaɓin ya fara, ya sa hannu idan za a yi aiki, ya fita ya sayo allura da ruwan ƙari, sannan ya kwana a gefen gado yana jinya. Idan babu wannan babban, yaron ya fita daga lissafi. Ko da yana kwance a bakin ƙofar asibitin, tambayar farko da za a yi masa ita ce, "Kai, wa ya kawo ka?"

Yaran da ba su da mai kawo su suna da yawa, kuma kowa ya san inda suke. Akwai ƙolon da aka ɗauko daga wani ƙauye na Magarya ko Daura aka damƙa wa malam a Kano. Akwai yarinyar da dillaliya ta kawo birni aikatau. Akwai wanda harin 'yan bindiga ya tarwatsa garinsu a Zamfara, ya biyo motar itace har ya tsinci kansa a tasha. Akwai kuma yaran Kance ta jihar Damagaram a Nijar da ke bara a titunan Tamanrasat da Oran da Aljas a ƙasar Aljeriya, a hannun matar da ba ita ta haife su ba. Hukumar UNICEF ta ce a 2015 da 2016 an ƙirga yara aƙalla 300,000 da suka tsallaka iyakoki ba tare da iyayensu ba a ƙasashe kusan 80, alhali a 2010 da 2011 adadin 66,000 ne. Wannan lissafin waɗanda suka faɗa hannun hukuma aka rubuta sunansu ne. Yaron da ya shigo ta Kwangwalam a bayan motar hatsi ranar kasuwa, babu littafin da ya shiga.

Ra'ayina a kan lamarin bai da kwana-kwana. Yaron da ba shi da lafiya a yi masa magani a inda aka same shi, ba tare da an jira takarda ko uba ko sunan jiha ba. Maganar mayar da shi gida ta zo daga baya, idan ya warke, idan kuma an tabbatar gidan yana nan. Abin da hukumominmu suka saba yi kishiyar haka ne: da zarar an tuna da yaran nan, sai a kawo mota.

Ka tsaya a bakin wani kemis na unguwa bayan Magariba, ba za ka daɗe ba sai ka ga irinsa. Yaro ɗan shekara tara ko goma, robarsa a hammata, yana ɗingishi, ya naɗe tafin ƙafa da tsumma ya ɗaure da leda. Fasasshiyar kwalba ce ko ƙusa ta soke shi a bola tun shekaranjiya.

"Dakta, a ba ni maganin ciwon ƙafa."

"Ɗan malam, nawa ne a hannunka?"

Sai ya buɗe tafin hannu. Abin da ke ciki shi ne zai yanke irin maganin da zai samu. Mai kemis ya yanko masa kafso biyu na ja-da-yalo, ya ce ya haɗiye ɗaya, ya fasa ɗaya ya barbaɗa a kan ciwon. Ba a kwance tsumman an duba ba, ba a wanke ba, ba a yi masa allurar da ake yi wa wanda ƙarfe mai tsatsa ya yanka ba. Gobe da asuba zai taka wannan ƙafar ya zagaye unguwa uku neman ɗumame, don yunwa ba ta san yana ciwo ba. Ban ga laifin mai kemis sosai ba, shi ne ma kaɗai ya saurare shi. Amma haka ƙaramin rauni ke zama gyambo. Haka nan zazzaɓin cizon sauro: cikakken maganinsa na kwana uku ne, safe da yamma, yaron kuwa kuɗinsa na farasitamol ƙwaya biyu ne. Zazzaɓin ya lafa da dare, ya dawo da ƙarfinsa, har ranar da zai fara sambatu ko jijjiga, sannan gardi ya ruga ya gaya wa malam.

Yawancin abin da ke damun yaran nan ba cuta ce mai wuyar sha'ani ba. Ƙazwa ce da ke bin su ɗaya bayan ɗaya saboda tabarma ɗaya da rashin ruwan wanka. Makero ne a ka. Tsargiya ce daga wankan kududdufi, har wasu yaran suna ɗaukar fitsarin jini alamar girma. Gudawa ce daga abincin jiya da ya kwana a roba, da tsutsar ciki, da ƙarancin jini, da tarin da ke shafe wata biyu ba wanda ya ce a gwada majina. Kusan duk waɗannan maganinsu ba ya da tsada, wasu ma kyauta ake raba shi. Abin da ya ɓace shi ne hanyar da zai bi ya isa hannun yaron.

A da, kuma har yanzu a wasu unguwanni, uwar ɗaki ce ke toshe wannan kafa. Almajirin da ke yi wa gida shara da ɗebo ruwa, idan bai zo kwana biyu ba matar gidan za ta aika a dubo shi, ta dama masa kunu, wani lokaci ta haɗa shi da ɗanta su je asibiti. Matan nan sun ceci rayukan da ba wanda ya ƙirga, kuma sun cancanci a faɗa. Sai dai tausayin mutum ɗaya sa'a ce, wani yaro ya dace, wasu goma ba su dace ba. Ga tsadar rayuwa ta sa gidaje da yawa ba su da ragowar tuwon da za su bayar, balle kuɗin magani.

Shirye-shiryen gwamnati kuwa kamar da gangan suke tsallake su. Tun 2006 Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana rabawa da damina, a Najeriya da Nijar, na 'yan wata 3 zuwa wata 59 ne. Akwai hujjar likitanci a kan haka, don ƙananan yara su suka fi mutuwa. Amma yaro yakan bar gida ne yana da shekara shida ko bakwai, daidai lokacin da ya fita daga wannan rukuni. Daga nan tsarin yana sa ran samunsa a firamare, inda aka fi raba maganin tsutsar ciki da na tsargiya, shi kuwa ba ya firamare. Katin rigakafinsa, idan ma an taɓa yi masa, yana cikin kwallar mahaifiyarsa a ƙauye. Rajistar inshorar lafiya ta marasa galihu a wurare da yawa tana neman lambar NIN, yaron da ko takardar haihuwa ba shi da ita daga ina zai fara?

Mashaƙo ya nuna mana farashin wannan. Cutar ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ta yi ƙamari a 2023, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, mafi yawansu kuma ba su da cikakken rigakafi, alhali allurar tana cikin waɗanda ake yi wa jariri kyauta a sati 6 da 10 da 14. A 2023 ɗin dai cutar ta bayyana a yankin Matamaye na jihar Damagaram. Kafin nan, daga Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023, sanƙarau ya kama mutum 559 a jihar Damagaram, ya kashe 18, kuma a daidai wannan lokacin Jigawa da ke maƙwabtaka da ita tana fama da shi. Mutanen Matamaye da Daura da Kazaure da Kano kasuwa ɗaya suke ci, auratayya suke yi, 'ya'yansu malami ɗaya suke zuwa. Ba ina cewa yaran nan su ke yaɗa cuta ba, kuma ina ƙin jin ana faɗin haka, don daga wannan maganar ake fara korarsu. Abin da nake cewa, yaron da ke kwana da wasu talatin a zaure ɗaya ba tare da rigakafi ba shi cutar za ta fara kamawa, shi ne kuma na ƙarshe da za a kai asibiti.

Lokacin da hukuma ta fi mayar da hankali a kansu a 'yan shekarun nan shi ne lokacin korona. A Afrilun 2020 gwamnonin Arewa suka amince kowa ya mayar da almajirai jihohinsu na asali. A daidai lokacin da aka hana kowa tafiya tsakanin jihohi, aka riƙa cusa yara cikin motoci ana ratsa ɗaruruwan kilomita da su. A Kaduna an gwada 169 daga cikin waɗanda aka mayar, 65 na ɗauke da cutar. A Jigawa an gwada 168, aka samu 91. Wasu jihohin sun yi abin kirki, sun killace su, sun ciyar da su, sun yi musu magani. Amma ka duba tsarin abin: an fara lodin yaran, sai da suka sauka sannan aka gwada su. Wanda bai da cutar an zaunar da shi kafaɗa da kafaɗa da mai ita na tsawon sa'o'i. An yi hakan ne da sunan kare lafiya, alhali lafiyar waɗanda ke cikin motar ba ta cikin lissafin. Da abin ya lafa, da yawansu suka koma inda aka kwaso su, don abin da ya fito da su daga gida yana nan bai gusa ba.

Hanyar arewa ta fi wannan muni. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motoci biyu da suka ɗauko su sun lalace. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, akasarinsu daga Kance. Ƙishirwa ce ta kashe su. Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. A Disamban 2014 aka fara kwaso 'yan Nijar daga Aljeriya bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu, yawancinsu mata da yara masu bara. A 2015 Nijar ta kafa dokar hukunta masu safarar baƙin haure, direbobi suka koma bin ɓarauniyar hanya nesa da rijiyoyi. A Nuwamban 2023 sojoji suka soke dokar. Duk wannan kai-kawo na dokoki a kan motoci da direbobi da iyakoki yake. Ban ga inda aka zauna aka tambayi halin da jikin yarinya 'yar shekara takwas yake ciki ba bayan ta shekara tana zaune a bakin titi cikin sanyin Aljas, tana gudun 'yan sanda, a hannun matar da ke tsoron kai ta asibiti don kada a kama su gaba ɗaya.

Waɗanda aka koro daga Aljeriya, Assamaka, garin Nijar da ke bakin iyaka, suke fara sauka. 'Yan Nijar a cikin manyan motoci ake kawo su. 'Yan wasu ƙasashen kuwa ana zubar da su a kan iyaka, su taka kimanin kilomita 15 a cikin rairayi kafin su iso garin, kuma a cikinsu akwai samari 'yan shekara goma sha da suka baro Gini ko Mali su kaɗai. Assamaka ƙaramin gari ne mai ƙaramin asibiti guda. Ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aiki a can ta ce daga 11 ga Janairu zuwa 3 ga Maris na 2023 mutum 4,677 suka iso a ƙafa, kuma waɗanda suka samu matsuguni ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba, har mutane na kwana a harabar asibitin. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara mai agaza wa baƙin haure ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro a 2024. Daga Assamaka sai Arlit, sai Agadas, sai Damagaram, tafiyar da ta kusa kilomita 900. Yaron da ya sauka da gudawa ko ƙyanda, kowane zango zai samu abin da ya samu, babu wata takarda da ke bin sa tana faɗin abin da aka yi masa a zangon baya. Irin wannan kwasa aka yi daga Dakar a 2022, aka kuma yi a Akra a Mayun 2025, inda jami'an shige da fice na Gana suka kama mabarata fiye da 2,000 a rana ɗaya, fiye da rabinsu yara.

Na san abin da za a ce, don na sha jin sa daga mutanen da nake ganin girmansu. Za a ce idan aka sauƙaƙa wa yaran nan, iyaye za su ƙara sakin jiki su turo wasu. Ban yarda ba. Babu uban da ke tura ɗansa Kano don ya ji ana ba da maganin ƙazwa kyauta. Abin da ke fito da yaro daga Kance gona ce da aka yi ta rabawa gado bayan gado har ta kasa ciyar da gida, a yankin da ke cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, da daminar da ba ta da tabbas, da ganin maƙwabciya ta dawo daga Aljeriya ta yi ginin siminti. A wajen almajiri kuma akwai tsohon imanin cewa karatu ba ya zama sai an bar gida. Iyayen suna da laifi, ba na wanke su. Uban da zai miƙa ɗan shekara shida ga malamin da ke riƙe da yara tamanin, ba tare da ko kwanon hatsi ba, ya shekara bai leƙo ba, ya tauye haƙƙin da Allah zai tambaye shi. Matar da ke karɓar 'ya'yan mutane tana bara da su tana aika wa iyayen kaso, ciniki take yi da yara, kuma hukunci ya kamace ta. To amma a hukunta mai laifin. Barin gyambo a ƙafar yaro ba ya koya wa ubansa komai, uban ma bai san ana yi ba.

Za a kuma ce namu 'ya'yan ma ba su samu ba, asibitocin babu magani, ma'aikata sun yi kaɗan. Wannan gaskiya ce. Sai dai abin da nake nema yawancinsa doka ta riga ta ba da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti a Najeriya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma ita ce ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Najeriya da Nijar da Aljeriya duk sun sa hannu a yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda ba ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo ba a wajen magani. A 2023 Kano ta samu dokar kare yara, tarayya kuma ta kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Kafin duk waɗannan, Alƙur'ani ya sa matafiyin da guzuri ya yanke wa cikin mutum takwas da ake bai wa zakka. Wane matafiyi ne ya fi wannan yaron yankewar guzuri? Hukumomin zakka da attajiran da ke fitar da ita duk shekara za su iya ɗaukar kuɗin maganin tsangayun unguwa guda ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Kuma mun iya nemo yaran nan idan mun ga dama. Lokacin yaƙi da shan inna, masu ɗiga rigakafi sun shiga tashoshin mota da kasuwanni da rugage da mashigan iyaka, an haɗa kai da hakimai da masu unguwanni da malamai, an daidaita ranakun aiki tsakanin Najeriya da Nijar, har aka tabbatar da kawar da cutar ta asali daga Afirka a Agustan 2020. Ba a tambayi kowane yaro takardar haihuwa kafin a ɗiga masa ba. Wannan ƙwarewar tana nan, mutanen da suka yi aikin suna raye. A ɗora kowace tsangaya a kan asibitin unguwar da take, a sa ma'aikaci guda da aka san sunansa ya riƙa zuwa duk wata yana duba fata da ƙafafu da masu tari, ya cike wa kowa rigakafin da ya rasa, ya koya wa gardi ɗaya gane zazzaɓin da ba a kwana da shi. A bai wa kowane yaro kati mai sauƙi da zai yi aiki a Kano da Matamaye da Assamaka, ko da yake dangantakar gwamnatocin Najeriya da Nijar ta yi tsami bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Kwamishinan lafiya kuma ya fitar da umarni a rubuce cewa idan yaro ya zo ba babba, likitan da ke bakin aiki da jami'in jin daɗin jama'a za su iya sa hannu a madadin iyaye. Ma'aikatan jinya da yawa ba mugunta ke sa su juya yaro ba, tsoro ne na wanda zai ɗauki alhaki idan wani abu ya faru.

Akwai ciwon da ba a gani a fata. Yaron da ya ga an kashe mutane a garinsu, ko ya ga wani ya faɗi a hamada an wuce an bar shi, zai riƙa firgita cikin barci, ya yi fitsarin kwance, a yi masa dariya ko a zane shi. Wasu daga nan suke faɗa wa shaƙar sholisho da shan tiramol, sai mu kira su 'yan iska. Ba mu da likitocin ƙwaƙwalwar da za su ishe su, amma malami ko ma'aikacin lafiya da aka nuna wa alamomin zai iya bambance yaro mai taurin kai da yaron da abu ke ci a rai.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro 'yan mata ne. Almajiri aƙalla yana kan titi, ana ganin ƙafarsa. 'Yar aikatau tana bayan katanga, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, kuɗin aikinta dillaliya ke karɓa. Idan ruwan zafi ya ƙona ta, a shafa mata man goge baki. Idan wani a gidan ya yi mata fyaɗe, wanda ya kamata ya kai ta asibiti shi ne mai son a rufe maganar. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin sa'o'i 72 yake aiki, kuma akwai wuraren da ke ba da shi kyauta, irin cibiyar Waraka da ke asibitin Murtala a Kano, amma yarinyar ba ta taɓa jin sunan wurin ba, ba ta ma san hanyar da za ta fitar da ita daga unguwar ba. Sau da yawa sai ciki ya fito, sannan a sa ta a mota a mayar da ita ƙauye da ɗan kuɗin sallama. Waɗanda ke da izinin shiga irin waɗannan gidaje su ne matan da ke zagayen rigakafi da rabon gidan sauro. Ya kamata a ƙara layi ɗaya a takardar da suke cikewa, kuma a ba su damar ganin yarinyar su kaɗai na ɗan lokaci: bayan sun ƙirga 'ya'yan gidan, su tambayi matar gida, "Hajiya, akwai wata yarinya a nan da ba 'yar gidan ba ce?"